Tabarmar Surukata a Dakar

Tun da na dawo daga Dakar ba a bar ni na huta ba. In na je suna a tambaye ni, in na je gaisuwar mutuwa a tambaye ni, har mai tallar nono da ke zuwa daga wajen Sanam sai da ta aje ƙwarya ta ce, "Inna Kuluwa, wai gaskiya ne kin ga ruwan da ba shi da ƙarshe?" Abin da ya fi ƙona mini rai, yawancinsu sun riga sun ji labarin a bakin Auta, ita kuwa Auta in tana ba da labari, kowa ɗan kallo ne sai ita. Shi ya sa na ce wa jikata Safiya ta ɗauko alƙalami ta zauna. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma ba a taɓa cewa Kuluwa ta faɗi magana gobe ta juya ta ba.

An kawo ni aure gidan Malam Babba, uban mijina, limamin unguwarmu a Filinge, ba da jimawa ba bayan yunwar da aka ci garin rogo, tun Nasara na mulki. A shekarar ne aka saƙa tabarmar da zan ba ku labari. Ita kuwa tafiyar mun yi ta bayan ciwon nan da ya hana mutane zuwa hajji, shekarar da ruwa ya kayar mana da katangar yamma.

Auta ƙanwar marigayi mijina ce. Da aka kawo ni tana tatata, ni na goya ta, ni na share mata majina. Yau ita ce Hajiya, da haƙorin Makka a baki, ni kuwa kafin tafiyar nan ko Yamai ban taɓa wucewa ba. Uwarsu, surukata, ba za ku ji sunanta a bakina ba. Ban faɗe shi tana da rai ba, ban faɗe shi bayan ranta ba. Mai Ɗakin Gabas muke ce mata, mu matan gida. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa zama kusa da ita fuska a buɗe ba. Ɗiyata ta biyu sunanta aka sa mata, yau tana da jikoki, har yanzu Mai Suna nake kiranta. Haka muka taso a ƙasarmu ta Kurfai.

Mai Ɗakin Gabas ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san zayyana. In ɗalibi ya sauke Alƙur'ani aka zana masa allo, sai ta ce a kawo mata ta gani kafin a zaga da shi gidajen dangi. Ta yi ta kallo. Abin da ta gani a allo, shi ta mayar cikin kaba. Ta saƙa wa Malam tabarmar salla, da ƙofa a tsakiya mai kai irin na alƙiblar masallaci, gefe da gefe sarƙa ja da baƙa tana shiga tana fita. Ni na je dallol, kwarin garinmu, yankan kaba. Ni na dafa karan dafi don ja, ni na jiƙa bagaruwa da kashin maƙera don baƙi, hannuna ya rine har mijina ya riƙa cewa an ba shi amarya mai hannun biri.

Malam bai daɗe yana salla a kanta ba sai ga wani Bature mai yawo da akwatin ɗaukar hoto, baƙon kumandan, Nasaran da ke mulkin gari. Ya ga tabarma ya yi ta yabo. Malam kuwa in baƙo ya yaba abu a gidansa, to abin ya tashi daga nasa. Ya naɗe ta ya miƙa. Tun ranar tsohuwa ba ta sake saƙa irinta ba. Ni ta zaunar, ina lulluɓe, ta koya mini har na iya. Da Auta ta girma aka ba ta kaba, ta ce tana yanka mata yatsa, ta jefar.

To, ran nan sai ga Isufu, ɗan Auta da ke aikin gwamnati a Yamai, ya shigo da waya a hannu.

"Inna Kuluwa, zo ki ga wani abu."

Ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton, ya ƙara buɗawa, sai ga tabarmar. Har wurin da baƙin ya ƙare mana muka ƙarasa da na tukunya ta biyu wanda bai kama sosai ba, ga shi nan. Na zauna a ƙasa ban shirya ba.

Ya ce a Dakar akwai wani gida da Nasara suka tara kayan da suka kwaso daga ƙasashenmu. Yanzu masu kula da gidan suna ɗaukar hoton kayan Musulunci da ke wurinsu, Alƙur'anai rubutun hannu, alluna, gafaka, riguna masu aiki, suna zubawa a intanet, don wanda ke Abala ko Makka ya gani yana zaune a ɗakinsa. Sun kuma ce duk wanda ya san wani abu a kan kayan ya yi magana. Ƙarƙashin tamu Filinge kawai aka rubuta, ba a san mai saƙa ba.

"Sai na gaya musu uwata ɗiyar mai saƙar ce," in ji Isufu. "Suna so ta zo su ɗauki maganarta a sa kusa da hoton."

"Uwarka. To ni fa?"

"Ai na ce musu akwai wata tsohuwa a gidan da ta..."

"Wata tsohuwa."

Ya sunkuyar da kai. An yarda Auta ta zo da 'yar rakiya ɗaya, shi kuma ya yi tafinta. 'Yar rakiya, ni Kuluwa! Na ce ba ni zuwa, a nemi mai ɗaukar mata buta. Da yamma Auta ta leƙo ta katangar da ta faɗi ta ce, "Yi zamanki, matarmu, tafiya ba ta tsofaffi ba ce. In sun tambayi wa ya taya Inna, sai in ce ni." Kafin magariba na ɗaure kayana. Na sa damin kaba rinanne, na ɗauko basillar tsohuwa da ta bar mini. Na yi niyyar duk mai waya a duniya, musamman matan Filinge, su ga fuskata su san a hannun wa aikin nan yake.

Da safe muka shiga kar, babbar motar fasinja. Hanyar yanzu ba ta da daɗin bi, kowa ya sani, shingen sojoji nan, na jandarma can, mutane na ta addu'a ƙasa-ƙasa. A kowane shinge in aka leƙo sai a ce, "Hajiya, sannu da hanya," a juyo gare ni a ce, "Tsohuwa, ina katinki?" Auta kuwa ta yi ta murmushi ba dalili, don dai haƙorin ya sha iska. A Bonkuku wata Buzuwa mai jakunkunan fata ta shigo ta zauna kusa da mu, ta tambayi ina muka nufa.

"Dakar aka gayyace ni," in ji Auta. "Wagga rakiya ta yi mini."

Buzuwar ta dubi hannun Auta mai laushi da zobba, ta dubi nawa, ta ce, "To Allah shi kai ku." Na ba ta goro guda cikakke, ban ɓara ba.

Baleyara mun same ta ranar kasuwa, shanu sun cika gudron, hanyar kwalta, direba na ta ashar da Zabarmanci. Muka sauka muka ci kopto, kwaɗon ganye irin na Zabarmawa, a tsaye. Wani rago ya sa kai cikin damin kabata ya fizgi ja, na bi shi da takalmi, mai shi na dariya yana ce mini fofo, sannunsu ta Zabarmawa. Auta ta ce, "Bar masa, can ma ba wanda zai tambaye ki kaba."

A Yamai aka kai ni yin paspor. Mai hoto ya ce in ja kallabi baya kunnena ya fito. Na ce kunnen nan mijina ma bai gan shi da rana ba. Aka yi ta fama, ƙarshe aka kawo wata yarinya ta ɗauka. Hoton ya fito kamar an gaya mini mutuwa. Na Auta tun na hajji ne, ta yi kyau a ciki, ta bi kowa a gidan Isufu tana nuna su tare.

Iyakar ƙasa a tafiyar jirgi ba gada ba ce, ba kuma sanda aka gitta ba. Wata ƙofa ce tsaye ita kaɗai, ba bango ba ƙyaure, kowa sai ya bi ta ciki. Auta ta wuce shiru. Ina sa ƙafa ƙofar ta fasa ihu. Aka ce in koma, na koma, ta sake. Wata 'yar sanda ta shafa ni tun daga ƙafa har kai, ta zaro basilla daga cikin kitsona, inda nake soke ta tun kafin a haifi uwarta. Ta ce makami ne, za a jefa a kwando.

Na ce, "Ɗiyata, in basillar nan ta shiga kwandon nan, ni ma ku sa ni."

Isufu ya yi ta Faransanci yana zufa, har aka yarda a naɗe ta a sa cikin kayan da ke tafiya a ƙarƙashin jirgi. Auta ta tsaya can gefe kamar ba tare muke ba.

Cikin jirgi ta zama malama. Ga yadda ake ɗaure ɗamara, ga yadda ake kwantar da kujera, kada ki ji tsoro matarmu, mu mun saba. Da muka shiga gajimare jirgi ya fara rawa kamar amalanke a kan kunya, sai na ji an damƙe mini hannu. Hajiya ce, ido a rufe, tana salati da ƙarfi. Na bar mata hannun, amma na ce, "Mun saba, ko?" Wannan kaɗai ne wurin da na ci ta a duk tafiyar, shi ya sa na faɗe shi.

Dakar rana ba ta sauri. Cikina ya ce azahar ta yi, ladaninsu bai ko motsa ba. An sauke mu a otel, aka sa mu cikin wani ɗan ɗakin ƙarfe ya haura da mu sama. Ɗaki ɗaya aka ba mu ni da Auta, gado ɗaya faffaɗa, ta zaɓi gefen taga ta ce ita aka gayyata. Makewayin a cikin ɗaki yake, kusa da inda mutum zai yi salla, kuma kujera ce. Na sa Isufu ya nemo mini buta kafin in aje mayafi.

Wadda ta gayyace mu sunanta Madam Awa, doguwa baƙa, ba ta kai Mai Suna shekaru ba. Ta kai mu gidan uwarta cin abinci. Shinkafa ce ja da kifi a babban faranti, maza da mata duk a kai, hannu na gogar hannu. Uwar gidan tana sa hannu tana ɓara kifi tana jefo wa kowa gabansa. A wurinsu girmamawa ce. Mu a Filinge kaza ake jefa wa abinci haka. Amma shinkafar da daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba. Na lura tsokar tsakiya gaban Auta take faɗawa, ni kabeji da karas.

Muna ci na ji kukan rago a samanmu. Ashe a kan soro suke kiwo, hawa uku daga ƙasa. Kashegari a bakin teku na ga ƙattai sun shiga ruwa da raguna suna cuɗa su da sabulu, wani har da soso. Na ce wa Isufu, in Allah zai sake yin mutum, a roƙa mini zama ragon Dakar. Tekun kuwa ruwa ne mai yawa wanda ba a sha, ba a ba dabba, ba a ban ruwa da shi. Na gan shi, shi ke nan.

Gidan kayan tarihin sanyi gare shi kamar cikin randa. Madam Awa ta fara kai mu ɗakin da ake ɗaukar hoto. Wani mutum mai gemu yana tsaye, Alƙur'ani rubutun hannu a gabansa ƙarƙashin fitila, yana juya warƙa ɗaya, na'ura ta ƙyafta, ya juya wata. Na ce a tambaye shi ko yana da alwala. Ya yi dariya ya nuna mini butarsa a bakin ƙofa, ya ce shi ma ya sauke, kuma kakansa marubuci ne. Na ce to madalla. Ya ce littafin da ke gabansa ba wanda ya buɗe shi tun kafin a haife shi, amma in ya gama, ɗalibi a kowane gari zai iya karanta shi a waya. Na ga alluna masu zayyana jere a kan tebur suna jiran layi, wani har na rantse daga hannun mutanenmu ya fito.

Sannan aka jawo wani dogon aljihun ƙarfe, aka ɗaga farar takarda, sai ga tabarmar.

Ba ta tsufa ba. Ni na tsufa, haƙorana sun zube, ita tana nan ja wur kamar jiya aka sauke ta daga tukunya. Mutum biyu suka ɗauko ta da safar hannu farare, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da jariri. Tana kwance a sanyi, ba ƙura ba gara, da masu gadi a ƙofa, ni da na rina ta ina Filinge ina fifita da faifai. Na kai hannu, aka ce sai na sa safa. Na sa. Na sunkuya na shinshina, ba ƙamshin hayaƙin gidanmu ko kaɗan.

Auta ta ce, "Wayyo, tabarmar Innata." Ta ce wai tana tuna ranar da aka gama ta. Ranar da aka gama ta tana bayana tana yi mini fitsari.

Aka kai mu wani ɗaki da fitilu da kujeru biyu, da wani babban gilashi a bango irin na talabijin. Aka fara da Auta. Madam Awa ta tambayi sunan mai saƙa, Auta ta faɗe shi, da na ubanta, da ƙarfi, kamar mai kiran akuya. Na toshe kunne. Aka tambaye ta yadda ake samun jan.

"Lalle ne," in ji Auta.

"Karan dafi!" na ce daga bayan fitila.

"Baƙin fa?"

"Gawayi ake..."

"Bagaruwa da kashin maƙera! Isufu, gaya mata uwarka ba ta taɓa riƙe kaba ta kai tsawon tafin hannu ba."

Isufu ya rasa ta wa zai juya. Ban san me ya faɗa da Faransanci ba, amma Madam Awa ta taso ta zo ta durƙusa a gabana, ta ga damin kaba a cinyata, ta kama hannuna ta juya shi. Ta ce ashe da ni ya kamata a fara. Ta ce a kawo ni kujerar gaba, in faɗi sunana, in faɗi yadda na koya, in saƙa a gani. Isufu ya gaya mata ba na faɗin sunan suruka, ta ce ba komai, su ma suna da irin wannan a ƙauyukansu, in kira ta yadda na saba.

Jama'a, na ji daɗi. Na gyara kallabi, na goge fuska, na zauna a kujerar da Auta ta tashi. Na dube ta na ce, "Matsa can, 'yar rakiya."

Sai Madam Awa ta ce akwai abin da ta ɓoye mana don ta ba mu mamaki. Da suna binciken akwatunan Baturen sun sami hotunan da ya ɗauka a Filinge. Tana so ɗaya ya kasance a bayana ina magana. Ta danna wani abu, gilashin bango ya kama.

Mai Ɗakin Gabas ce. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, tabarma a shimfiɗe a gabanta, girmanta a bangon ya kai girman mutum. Ga tsagen fuskarta, ga zanen saƙin da na sha wankewa. Idonta a kaina yake, irin kallon da take yi in na tsallake kaba ɗaya.

Ban san lokacin da na sauka daga kujera ba. Na ji ni a ƙasa, mayafi ya rufe mini fuska har haɓa.

Auta ta kurma ihu, "Inna! Inna!" Ta ruga ta manna fuska a gilashin tana kuka, tana shafa kumatun uwarta. Mai ɗaukar hoto bai tsaya ba, yana ta ɗauka. Ni ma hawaye nake a cikin mayafi, amma ko kukan ma nata ne aka gani. Ita tana da ikon ta kira ta, ta taɓa ta. Ni da na yi jinyarta har ta cika, ni da na rufe mata ido, ban da ikon ɗaga kai.

Ta cikin mayafi na ƙara leƙawa. A cinyar tsohuwa akwai 'yar yarinya tsirara da yatsa a baki, ido tar a kan mai hoto. Auta ce. Can gefe, inda hoton ya yanke, rabin wata ce a durƙushe, an ja zane an rufe kai, ba a ganin komai sai hannu ɗaya baƙi ƙirin riƙe da kaba.

Isufu ya ce, "Inna Kuluwa, wancan hannun..."

Na ce, "Rufe mini baki."

Da aka gaya wa Madam Awa abin da ya sa na sauka, ta ba da haƙuri. Ta ce abu mai sauƙi ne, a kashe gilashin, in hau kujera in buɗe fuska a ɗauke ni, daga baya su haɗa. Ta ɗaga abin dannawar.

Auta na share hawaye ta ce, "Ki bari a kashe mana, matarmu. Hoto ne fa. Ta rasu tun yaushe, ba ta ganin ki. Ba don a ga fuskarki kika sha wannan tafiya ba?"

Don haka na zo, ba ta yi ƙarya ba. Na tuna Buzuwar Bonkuku, na tuna jandarman da ke ce mini tsohuwa, na tuna matan unguwarmu. Na buɗe baki zan ce a kashe. Sai na ga abin da nake shirin yi: in sa a fitar da tsohuwa daga ɗaki don ni in zauna a kujera in baje fuska in yi bayanin aikinta. A gidanta ban taɓa cewa ta matsa in wuce ba.

Na ce, "Isufu, gaya mata a bar ta. Ita ta riga ni zuwa."

A ƙasa na zauna, a gefen ƙafarta, inda na saba. Aka sauko da fitila. Na jiƙa kaba, na fara, ja bisa baƙi, baƙi bisa ja, har sarƙar ta fito tsawon kamu. Na zaro basilla na nuna yadda ake haɗa ɗiya da ɗiya, wato layin saƙa da ɗan'uwansa, ɗinkin bai nuna ba. Na yi bayani ƙasa-ƙasa, don ba a ɗaga murya a gabanta. Da na gama, Madam Awa ta roƙi guntun da na saƙa, aka sa masa safar hannu shi ma, aka kwantar da shi kusa da babbar. Basillar ma ta roƙa. Na ce wannan kam sai bayan raina.

Dawowa ba abin faɗi. Ƙofar Dakar ba ta yi mini ihu ba, na riga na koyi darasi.

Bayan an yi girbi abin ya fito a waya. Yanzu duk wanda ya nemi tabarmar zai gan ta, ya buɗa ta da yatsa har ya ƙirga kaba, ya ga hoton tsohuwa, ya ga sunanta a inda da aka ce ba a san mai saƙa ba. Wannan ya yi mini daɗi, Allah ya sani. Sai kuma ga Auta, fuska cike da gilashi, haƙori na walƙiya, tana kuka tana faɗin suna. An cire maganar lalle da gawayi, an rufa mata asiri. Daga nan sai wasu hannuwa da wani mayafi. An ce an rubuta Kuluwa a ƙasa da baƙaƙen Nasara. Wa zai karanta? Matan da nake so su gani ido gare su, ba boko ba. A wurin suna sai ka ji ana, "Hajiya, mun gan ki a waya! Wace ce waccan mai lulluɓin?" Ita kuwa sai ta ce, "Matarmu ce, kunya gare ta."

Har 'yan mata daga lakwal malamarsu ta turo gidan Auta wai a koya musu saƙar. Ta ba su hura, ta nuna musu katangar da ta faɗi ta ce su tsallaka. Suna zuwa yanzu duk Alhamis. Biyu daga ciki suna da hannu.

Ni kuwa na daɗe ban ga abin ba, don duk wanda ya kunna shi a gidan nan, sunan ne ke fara fita daga bakin Auta, sai in tashi in bar wurin. Sai kwanan baya Safiya ta ce ai ana iya kashe muryar. Ta kashe, ta wuce mini wurin Auta da yatsa, ta aje wayar a cinyata. Na ga hannuwa suna tafiya cikin kaba, ƙaramin yatsa a lanƙwashe yana danne baƙi, babban yana tura ja. Na ce, "Ashe Baturen har wannan ya ɗauka? Ai hannun Mai Ɗakin Gabas ne." Safiya ta ce, "Kaka, naki ne." Na sa ta maimaita mini har wayar ta mutu.

Cikin waɗanda ke tsakar gidan ranar da Baturen ya kafa akwatinsa, Malam Babba ya tafi, Mai Ɗakin Gabas ta tafi, mijina da 'yan'uwansa maza duk sun tafi, maƙerin da ke ba ni kashin ƙarfe ya rasu shekarar da aka yi gudron. Saura ni, saura Auta. Tana nan bayan katanga, ina jin ta yanzu haka tana kunna wa wasu baƙi. Safiya, tashi ki ja mini ƙofar nan, ta kusa kai wurin sunan.